Sa Hannun Malam Shiru

Akantan bai ma bari ta kai ƙarshen bayani ba. Ya leƙa cikin kwalin, ya zaro takarda ɗaya da 'yan yatsu biyu, ya juya gabanta ya juya bayanta, sannan ya dubi Auta ta saman tabarau.

"Malama, wannan rasiɗi ne ko katin biki?"

"Duka biyun ne, ranka ya daɗe," ta ce murya ƙasa-ƙasa.

Ya ƙara zaro wata. A ƙasa rasiɗin tawada ne da aka saya bara, a samansa kuwa an buga da ruwan zinare, "Iyalan ango da na amarya suna farin cikin gayyatarku." Furanni sun hau kan kwanan wata, wasu tantabaru biyu sun zauna daram a kan jimla.

Mutumin ya mayar da takardar, ya ce shi dai aiki ya yi masa yawa a watan nan, Allah ya haɗa ta da wanda zai iya. Abin da sauran akantocin ma suka faɗa mata ke nan tun farkon mako. Auta ta rungumi kwalinta ta sauko daga benen, ta tsaya a bakin titi ta rasa inda za ta dosa.

Duk wanda ya ji labarin kwalin nan sai ya yi dariya. Ita kaɗai ce ba ta ga abin dariya ba.

Ƙaramin kamfanin ɗab'i ne Abbanta ya bari: inji biyu, ma'aikata kaɗan, da allo a saman ƙofa mai ɗauke da sunansa. Katunan gayyata suke bugawa, da kalanda, da takardun makaranta. Tun rasuwarsa ita ke riƙe da wurin. Ma'aikata suna ce mata Manaja, a gida kuwa tana nan a Autarta. Su uku ne masu kamfanin a takarda, ita da Umma da Baffa ƙanen mahaifinta, sai dai Umma tun da aka yi rasuwar ko hanyar wurin ba ta sake bi ba.

Lissafin shekara da ake kai wa hukumar rajistar kamfanoni, tsohon akanta ne ke yi, abokin Abba tun na ƙuruciya. To ciwon ido ya kama shi, 'yarsa ta zo ta tafi da shi garin da take aure, kuma a cikin ruɗanin rashi babu wanda ya tuna ya tambayi ina aka kwana. Auta ta ɗauka Baffa ya san da zancen, tunda shi ne babba. Baffa ya ɗauka Auta ta sani, tunda ita ce 'yar boko.

Kwatsam sai ga wasiƙa daga hukuma. Lissafin shekara biyu bai shigo ba. In watan nan ya ƙare ba a kawo shi da sa hannun akanta mai lasisi ba, za a soke sunan kamfanin daga rajista.

Da aka je neman rasiɗai kuma sai aka tarar da aikin Baba Mai Inji, dattijon da ke kula da injin ɗab'in. Dokar Abba ce a wurin nan, ba a yar da takarda matuƙar inji zai iya jan ta, kuma kafin a buga kati na gaske sai an gwada tawada a kan tsofaffin takardu. Lokacin da aka yi wa ofis fenti, aka fitar da kwalin rasiɗai aka ajiye kusa da injin. Baba ya ga takardu tuli, ya yi hamdala. Wata da watanni yana gwaji a kansu hankalinsa kwance. Ran da ya gane abin da ya aikata, dattijon nan zama ya yi a ƙasa ya dafe kai, Auta ce ma ta koma tana ba shi haƙuri.

A falo ta iske Baffa ya miƙe ƙafa, Umma na gefe ta yi tagumi. Da ganin kwalin a hannunta ba su buƙaci tambaya ba.

"An sake korar ki ke nan," in ji Baffa.

"Ba kora ba ce, Baffa. Aiki ne ya yi masa yawa."

"Ai shi ke nan, tunda kin fi son yawo da kwali kamar mai talla. Ga yaro ɗan mutunci, akanta a babban kamfani, ya ce a kawo masa ya gama a yini ɗaya. Me kuma ake nema?"

Ɗan amininsa yake nufi. Mai Turare shi ne sunan da Auta ta sa masa a ranta, saboda ƙamshinsa ke riga shi yin sallama. Tun ba a yi nisa da rasuwar Abba ba Baffa ke ta cusa mata shi.

"Baffa, ka san ba aikin kaɗai yake so ba."

"Yo zagi ne don namiji ya ce yana son ki da aure? Ke ba yarinya ba ce, ba wanda zai yi miki dole. Amma ki faɗa min tsakani da Allah, har yanzu wancan mai teburi ɗayan ne a ranki?"

Auta ta yi ƙasa da kai. Bara wancan mai teburi ɗayan ya turo magabatansa, Baffa ya karɓe su da fara'a, ya shayar da su, sannan ya sallame su da cewa 'yar ɗan'uwansa ba za ta auri akantan da ko kamfani ɗaya ba ya riƙe da shi ba, sai masu shago da 'yan tireda. Daga ranar Umma ta roƙe ta da ta yanke hulɗa da shi don a zauna lafiya, ta kuwa yanke.

Umma ce ta yi magana.

"Auta, ni ban san lissafi ba, ban san hukuma ba. Abu ɗaya na sani. Ran da aka kafa allon nan ni na riƙe wa mahaifinki tsani, ke kina goye a bayana. Ya sauko yana dariya, fenti duk a rigarsa. In aka sauke allon nan ina raye..."

Ba ta iya ƙarasawa ba, ta sa gefen mayafi a ido. Auta ta durƙusa ta dafa gwiwarta.

"Ba za a sauke shi ba, Umma. Na yi miki alƙawari."

Washegari da hantsi ƙamshi ya shigo ofis, mai shi ya biyo baya. Kyakkyawan mutum ne Mai Turare, ba za a ƙwace masa wannan ba, ga fara'a, ga iya gaisuwa. Ya zauna ya ɗora mukullin mota a kan tebur. Auta ta turo masa kwalin, ko kallonsa bai yi ba.

"Wannan ki sa a kai bola, Manaja. Zan zauna in ƙiyasta, in cike takardu, in buga tambari. Wa zai tsaya binciken ɗan ƙaramin wuri irin wannan?"

"Lissafin ƙarya ke nan fa."

"Haba, ƙarya kuma? Dabara dai." Ya yi murmushi. "Ni duk wannan ba shi ne damuwata ba. Ki ba ni dama in turo manya, sauran mai sauƙi ne. Wallahi ba na son ganin ki kina wahala."

Ta ce za ta yi tunani. Bayan ya fita ta daɗe tana kallon injin. Ta tuna shekarar da Abba ya sake buga kalandar wata makaranta gaba ɗaya da kuɗin aljihunsa, don an yi kuskuren rana ɗaya tak da su kansu masu ita ba su lura ba. A ƙarƙashin sunan Abba za a buga tambarin ƙiyasi?

Da la'asar ta ɗauki kwalin ta nufi inda ta yi wa Umma alƙawarin ba za ta sake zuwa ba.

Ofishin mai teburi ɗayan na saman wani kantin magani, ana hawa ta wata 'yar siririyar matattakala. Teburi ɗaya ne kuwa, Baffa bai yi ƙarya ba, sai kujeru biyu da wata fanka da ke juya kai gefe ɗaya kawai. A kamfaninsu suka fara haɗuwa, ran da ya zo buga katin ofishinsa, aiki mafi ƙanƙanta da suka taɓa karɓa. Ita ta laƙaba masa Malam Shiru, domin in ka tambaye shi ko ƙarfe nawa sai ya yi nazari kafin ya amsa.

Ya ɗago ya gan ta a bakin ƙofa. Biron hannunsa ya tsaya cak.

"Auta."

"Malam Shiru."

Ya miƙe ya karɓi kwalin, ya jawo mata kujerar da fankar ke kallo. Ya rame. Ta lura har yanzu agogon da ta taɓa gyara masa maɗauri ne a hannunsa, sai ta kawar da kai.

"Ba gaisuwa na zo yi ba," ta ce da sauri, don kada muryarta ta tona ta. "Aiki na kawo. In ba za ka iya ba ka faɗa min in tafi, na saba."

Ta zayyana masa komai, tun daga wasiƙar hukuma har zuwa Baba Mai Inji. Bai yi dariya ba. Ya zaro rasiɗi ɗaya, ya je bakin taga ya ɗaga shi saitin rana, ya karkata shi kaɗan.

"Zo ki gani."

Ta matso. Da hasken ya ratso ta bayan takardar, sai ga sawun biro ya fito a ƙarƙashin furannin, lamba bayan lamba.

"Wanda ya rubuta ya danna biro," in ji shi. "Yawancinsu za su karantu. Waɗanda suka ƙi, sai a bi masu shagunan a nemi kwafi. Aiki ne na haƙuri kawai."

Nan hawayen da ta riƙe tun farkon mako suka ɓalle. Ta zauna ta rufe fuska da tafukanta.

"Kowa ya kore ni. Kowa. Kai kuma da na ce kada ka sake kira na, ko sau ɗaya ba ka kira ba. Ko bisa kuskure!"

"Ke kika ce kada in kira."

"To don na ce? Komai na ce sai ka yi?"

Ya yi shiru irin nasa, har ta ɗago ta harare shi da jajayen idanu.

"Kullum sai na ɗauko wayar," ya ce a hankali. "Sai in tuna kin ce Umma ce ta roƙe ki. Ban so in zama abin da zai sa ki saɓa mata."

"Ka san yadda na yi shekarar nan? Kullum ina buga katin auren mutane. Ina duba musu kuskure, ina zaɓa musu fure. Wata amarya har tambaya ta ta yi wane launi zan sa a nawa."

"Me kika ce mata?"

"Na ce injinmu ba ya buga na masu gida."

Ya yi 'yar dariya, ita ma ta yi cikin kuka. Ya miƙo mata hankici.

"Zan yi aikin, Auta. Amma akwai maganar sa hannu da ya kamata ki..."

"Don girman Allah kada ka ce min amma. Na ƙoshi da amma. Ka ce za ka yi kawai."

Ya dube ta, ya dubi kwalin.

"Zan yi."

Ta shirya wa rigima a gida, sai abin ya ba ta mamaki. Da farko Baffa ya yi tsalle ya dire, ya rantse yaron nan ba zai taka kamfanin ɗan'uwansa ba. Amma da ya fita ya gana da Mai Turare, sai ya dawo da fuska sake.

"Na yi tunani," in ji shi. "A ba shi. Sharaɗina ɗaya, shi zai sa hannu da kansa, a falon nan, a gabana."

Auta ta yi ta godiya har da durƙusawa. Allah sarki, ba ta tsaya ta tambayi kanta yaushe Baffa ya fara saukowa da wuri haka ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi sanyi da ta gani tun rasuwar Abba. Kullum bayan azahar, lokacin da rana ke juyowa tagar yamma ta ɗakin inji, Malam Shiru zai zo ya ja benci ya zauna. Ya ɗaga rasiɗi, ya karkata, ya rubuta, ya ajiye. Da safe kuma ya bi shagunan masu takarda da masu tawada yana neman kwafin waɗanda suka ƙi karantuwa. Baba Mai Inji ya mayar da kawo masa shayi kaffarar laifinsa, kofi na ƙarewa zai cika wani, har sai da bawan Allah ya roƙi arziki.

Ba sa hira. Ita tana ofis ƙofa a buɗe, shi yana bakin taga. Wani lokaci dai zai ɗaga murya ya ce, "Manaja, waɗannan tantabarun sun cinye mana watan bakwai," ita kuma ta amsa, "Ka tambaye su, ƙila su dawo da shi." Ma'aikata su sunkuyar da kai suna murmushi.

Sau ɗaya Umma ta aiko da abinci a kwano ta ce a ba Malam Akanta. Haka take kiransa, Malam Akanta, kamar yadda za ta kira mai gyaran famfo.

Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare ya gama. Kwalin nan da ya sha yawo ya koma fayil biyu masu tsabta, kowane rasiɗi an manna shi a shafinsa, an rubuta abin da ke cikinsa a gefe.

Da safe suka hallara a falon Umma. Baffa ya sha babbar riga ya hakimce a kujerar Abba. Umma na kan darduma a gefe. Malam Shiru ya gaishe su a durƙushe, Umma ta amsa tana kallonsa.

"Sannu da ƙoƙari, Malam Akanta. Allah ya biya ka."

Baffa ya buɗe shafin ƙarshe da kansa, ya ciro biro daga aljihu ya cire murfin, ya ɗora a kai.

"Bismillah. Ga layinka nan."

Malam Shiru ya ɗauki biron, amma bai sunkuya ba. Auta ta ga yadda yake juya shi a tsakanin yatsunsa.

"Auta, kin karanta abin da ke saman layin?"

"A'a. Mene ne?"

Ya karanta a hankali, yadda kowa zai ji. "Na tabbatar babu dangantaka ta jini, ko ta aure, ko alƙawarin aure, tsakanina da ɗaya daga cikin masu wannan kamfani."



"Ƙa'idar aikinmu ce," ya ci gaba. "Wanda ya sa hannu a lissafin kamfani dole ya zama bare. Kuma in na sa a wannan, ni ne akantanku na gaba, haka zan riƙa rantsewa duk shekara."

Baffa ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Yo ina matsalar? Ai gaskiya ce zalla. Jini babu, aure babu, alƙawari kuwa ni da kaina na sallami magabatanka. Ka ga, yaro, na ga aikinka, kuma na yaba, ba zan ɓoye ba. Sa hannu ka zama akantan kamfanin nan. Ina da abokai masu kamfanoni, duk zan kai ka. Kafin baɗi ka bar saman kantin maganin nan. Kowa ya samu abin da ya dace da shi, a rabu lafiya."

Sai yanzu Auta ta gane abin da Mai Turare ya raɗa wa Baffa. Ta juya ga Malam Shiru.

"Ka sani tun farko?"

"Na sani. Na fara faɗa miki kika hana ni. Daga baya kuma na ji tsoron in na faɗa, za ki ɗauke kwalin ki kai wa wanda ba zai buɗe shi ba."

Ya juya ga Baffa cikin ladabi.

"Baffa, na gode da karamci. Amma akwai alƙawari. Ba a gabanku aka yi shi ba, kuma na san ba ku karɓe shi ba, sai dai ni na yi shi, ban kuma janye ba. Ba zan sa hannu a kan babu ba alhali na san akwai."

"To ka kashe kamfanin ke nan!"

"Akwai wata dattijuwa, malamata ce, ita ta koya min aiki. Na yi mata bayani. Ta ce a kawo ta duba, amma ba ta yi alƙawari ba. Ba ta sa hannu a abin da ba ta bi shafi-shafi ba, in wata ya ƙare ba ta gama ba, ba za ta sa ba ko da za a yi mata kuka. Kuma sai biyu daga cikin masu kamfani sun je da ƙafarsu sun naɗa ta."

"Ba inda za ni," in ji Baffa. "Ga tabbas a hannu, in tafi neman wataƙila?"

Malam Shiru ya yi shirunsa, wannan karon ya fi na kullum tsawo. Sannan ya dubi Auta, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi a gaban manya ba.

"Alƙawari na mutum biyu ne. In kin ce kin janye naki, to babu shi, zan sa hannu yanzun nan, kuma ban yi ƙarya ba. Allon Abba zai zauna inda yake. Ba zan riƙe ki a raina ba, wallahi. Ke za ki faɗa, akwai ko babu?"

Auta ta dubi hoton Abba a bango. Ta dubi Umma, wadda hawaye ke bin kumatunta ba ta ko share su.

"Umma..." ta ce.



"Umma, na yi miki alƙawari ba za a sauke allon nan ba. Na yi miki alƙawari zan rabu da shi, na kuma rabu, shekara guda ko muryarsa ban ji ba. Duk abin da kika ce na yi. Amma yau ana so in buɗe baki in ce babu." Kuka ya ci ƙarfinta, ta tsaya ta haɗiye. "In na ce babu, shi bai yi ƙarya ba, ni ce na yi. Kuma a ƙarƙashin sunan Abba za a ajiye ta."

"Ke Auta, ki yi hankali da abin da za ki faɗa," in ji Baffa.

Ta miƙa hannu ta zare biron daga yatsun Malam Shiru. Ta ɗauki murfin a kan tebur ta rufe shi, ta ajiye a gaban Baffa da hannu biyu.

"Ka yi haƙuri, Baffa. Akwai."

Baffa ya dubi biron, ya dube ta. Bai yi ihu ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi.

"Shi ke nan. Kin sauke allon ubanki da hannunki. Sai ki nemo na biyun da zai raka ki, ni dai ba da ni ba."

Umma ta dafa ƙasa ta miƙe. Ba ta kalli kowa ba, ta shige ɗaki ta saki labule. Auta ta bi labulen da kallo, zuciyarta ta karye. Ta san kukan da za a yi a ɗakin nan, ta kuma san ita ce sila. Ta fara tattara fayilolin, takardu na zamewa, Malam Shiru na tsince su.

Labulen ya sake ɗagawa.

Umma ce, sanye da babban mayafinta na fita wanda ba a sake ganinsa ba tun rasuwar Abba, jaka a kafaɗa, takalmi a hannu. Idanunta sun kumbura, amma ta wanke fuska.

Baffa ya miƙe tsaye. "Ina kuma za ki?"

"Biyu aka ce," in ji ta. "Ai ni ma da sunana a takardar."

Ta ajiye takalmin a bakin ƙofa ta zura ƙafa. Ba ta dubi inda Malam Shiru yake ba ko kaɗan, ita da ta gama yi masa sannu ido da ido ɗazun nan. Ta ja mayafin ta rufe gefen fuskarta ta wajensa, ta yi magana da 'yarta kaɗai.

"Share hawayenki, ba a zuwa wurin mutane haka. Ki ce wa yaron nan naki ya ɗauko fayilolin ya wuce gaba ya nuna mana hanya, rana tana yi."